Rabon Masu Wuri a Ramin Nomau

Aje igiyar nan tukuna, Shafi'u. Ban ce ba ni ba ka ba, cewa na yi ka aje. Ku ma da kunka rako shi ku zauna, tabarmar ba ta cizo. Tun daga sallamarku na san abin da ke tafe da ku, don ba wanda ke aron igiya da dagi a ƙarshen damina ya ce rijiya zai yasa, alhali rijiyoyin garin ga duk sun cika. Ramin Nomau kuke so ku sauka. An gaya muku akwai ginshiƙin farin dutse tsaye can ƙasa, zinari na ƙyalli jikinshi, ba mai shi sai wanda ya yi ƙarfin hali. To ba ƙarya anka yi muku ba, shina nan. Ni Arzika da hannuna na kewaye shi na bar shi tsaye.

Ba ni ganin laifinku. Gonakin nesa sun gagare mu saboda mutanen daji, na kusa ba su ci da gida, ga ku ƙarti kuna zaune ba abin yi. Amma kai Shafi'u ɗan ƙanena ne, kuma ka san ubanka Labbo shina cikin ramin nan tun kana goye. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda anka yi ya zauna can. Innarka ba ta iya faɗi, mutanen gari kuwa kowa da irin tashi. Yau za ka ji daga bakin wanda ke tsaye wurin.

Ku gani kuke haƙa ƙarfi ce. Wanga abokin naka mai faɗin ƙirji, tun ɗazu nike ganin shi shina murza damtse. Yo in da ƙarfi ne ai da jakai anka tura.

Rijiyar farko da na sauka ta wani Ardo ce, a rugar da ke kan hanyar Zugu. Lokacin ba wanda ke zancen zinari a ƙasar ga, haƙar rijiya ce sana'ar, kuma Baba Nomau ne ubangidana. Ɗan tsoho ne siriri, yatsu biyu na hannun hagunshi babu. Ranar nan ya sa na riƙa aje mishi ƙasar kowane gaba na zurfi daban a bakin rijiya, tuli-tuli. Jar ƙasa ta sama, sai marmara mai tauri wadda ke riƙe kanta ko shekara nawa, sai wani abu da na ɗauka dutse ne don har zane gare shi irin na dutse. Ya ce in zuba mishi ruwa. Ina zubawa ya narke cikin hannuna kamar tuwon da ya kwana. Ya ce, "Wanga shi ne ruɓaɓɓen dutse. Da rani abokinka ne, da damina shi zai rufe ka." Daga nan munka iske baƙin dutse mai shafi-shafi, kamar an jera tabarmi bisa juna, wanda in ka sa bakin dagi tsakani sai ya ɓare. Har yau in na rufe ido ina ganin tulin nan jere, da shanun Ardo na shinshinar su.

A ƙuruciyarshi Baba Nomau ya yi ci-rani can kudu, ya daɗe cikin ramin kwal. Can ya baro yatsunshi, can kuma ya samo kunne. Shi ya gaya mini cewa a ramin kwal ba kwal ke kashe mutane ba, abin da ke kwance bisa kwal ɗin ne. In anka dace dutsen yashi ne a sama, mai kauri, to shi mai mutunci ne: kafin ya faɗo sai ya yi ta gurnani, kowa ya kwashi kayanshi ya fita. In kuwa dutsen laka ne mai shafi-shafi, sai shafukan su rabu da juna can ciki inda ido ba ya gani, na ƙasa ya rataye shiru shina jiran ranarshi. Akwai kuma wanda suke kira gindin tukunya. Wai kututturen itace ne da ya zama dutse tun zamanin da Allah kaɗai ya sani, shina maƙale cikin rufi, gefenshi sumul. Ba abin da za ka gani sai ɗan zagayen zane bisa kanka. Ba ya ƙara, ba ya zubar da yashi, zamewa kawai yake yi ya sauko. Ya ce abokin aikinshi na cikin ba shi labarin matar da zai aura, shi Baba ya duƙa ɗaukar shebur, ko da ya ɗago sai ƙafafun abokin kawai ya gani ƙarƙashin dutse.

Kayan aikinmu ba su da yawa: diga, shebur, guduma, igiya, buhu, tocila da ake ɗaurewa a goshi da robar taya. Amma uban su duka dagin nan da ka ɗauko, kuma ba don haƙa ba. Da shi ake tambayar rufi. Ka ɗora yatsun hannu guda bisa dutsen, ka buga da ɗayan. Lafiyayyen dutse zai amsa maka ƙwal, tsaf, yatsunka ba su ji komi ba. Wanda ya rabu da uwarshi zai ce dum, kamar ƙwaryar da anka kifa bisa ruwa, kuma za ka ji shi shina rawa ƙarƙashin yatsunka. Na daɗe ban rarrabe ba. Sai wata rana da hantsi, muna ƙasan wata rijiya mai lungu, ya karɓe fitilata ya hau ya bar ni. Ya leƙo ya ce, "Idonka ya cika surutu, shi ya hana kunnenka magana." Na zauna cikin duhun nan ina jin bugun zuciyata, har ta lafa. Sannan na fara jin ƙasa. Wallahi ƙasa ba ta yin shiru. Tana ɗan ƙas, ta yi ɗan tsit, wani wuri yashi ya gangaro, wani wuri ruwa ya ɗiga. Ranar na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ranar na fara zama mahaƙi.

Da zinari ya bayyana, sai duniya ta zubo. Mutanen da ba su taɓa haƙa abin da ya wuce kunyar dawa ba, ga su da diga. Masu saye sunka zo daga Anka da Gummi, wasu daga Gusau, wasu ma ba su jin Hausa sosai, kowa da ɗan sikelinshi cikin gwangwanin taba da tsinken ashana na awo. Akwai wani mai jan gemu da ke zuwa bisa babur, kullum sai ya hura zinarin kafin ya auna, wai ƙura yake kaɗewa, mu kuwa mu shimfiɗa mayafi ƙarƙashin bakinshi. Su ba ruwansu da yadda rami yake. Ban taɓa ganin mai saye ya leƙa ko bakinshi ba.

Ramin da kuke so ku sauka, mu munka buɗe shi, ni da Baba Nomau da ubanka da wasu. Mun ratsa marmara, mun ratsa ruɓaɓɓe, munka iske jijiyar farin dutse mai kaurin ƙirjin namiji, kwance a karkace cikin baƙin dutse. Munka bi ta muna ci har wurin ya yi faɗi, anka riƙa kiran shi zaure. Bayan zauren akwai lungu guda da ya nausa ciki, ba shi da mafita. Kowace safiya kafin a ɗaga guduma sai an yi abin da muke cewa shirun rami: kowa ya tsuguna, ba tari ba magana, Baba Nomau ya zagaya da dagi shina tambayar rufi. Wata safiya ya daɗe wuri guda. Ya sa farce ya ƙwaƙulo wata 'yar laka daga tsakanin shafukan rufin, toka-toka, mai santsi kamar sabulu. Ya murza ta, ya dube ni. Sai ya ɗauki gawayi ya zagaye wuri biyu a jikin jijiyar, inda zinarin ya fi yawa ma, ya ce ba mai taɓa su.

Nan fa anka yi ca. Altine, wani ƙato cikinmu, ya ce, "Haba Baba, mu bar tsokar mu ci ƙashi? Don mi?"

Baba Nomau ya share hannunshi jikin wando, ya ce, "Wanga rabon masu wuri ne. Kun ɗauka ku kunka fara zuwa nan? Akwai waɗanda ke zaune tun kafin kakanninku. Mun shigo gidansu mun ci, an ƙyale mu. Wanda ya taɓa nasu, shi da su."

Kowa ya ɗauki gudumarshi. Munka ci jijiyar ta kowane gefe munka bar ginshiƙi biyu tsaye, ɗaya kusa da gindin igiya, ɗaya can ciki wajen bakin lungu.

Da munka fito na bi shi har gindin marke na ce, "Baba, da gaske ka gan su?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Arzika, kai ma? Lakar nan da na nuna maka, ita ta raba rufin da dutsen sama. Duk zauren nan faifai guda ne rataye, ba abin da zai riƙe shi sai ƙafafun nan biyu. In na ce musu rufi ne, gobe wani zai sare ya kafa itace, ya ce ai ya tokare. Itace kuwa ba ya ɗaukar dutse, ƙara kawai yake yi ya gaya maka ka gudu, in gara ta bar shi. Ɗan Adam ba ya barin zinari don tsoron dutse. Amma aljani, ko kallon wurin ba su ƙara yi."

Dabarar ta ci, ta ma wuce inda ya so. Kafin damina ta zagayo an fara aje goro gindin ginshiƙan. Wani ya kawo turare, wani nono cikin 'yar ƙwarya, wani ya ɗaura farin ƙyalle. Sai ga masu cewa sun ga mutum da farar riga tsaye tsakanin ginshiƙan, ba shi da inuwa. Ni da na san gaskiya ma, in na riga kowa sauka, hasken tocila ya faɗa bisa ƙyallen nan shina motsi alhali babu iska, sai gashin jikina ya tashi. Baba Nomau ya ga abin ya yi yawa, ya ce wata rana zai warware. Tarin nan nashi bai ba shi ranar ba, shi ya zama ajalinshi.

Sai muguwar shekara ta zo. Kun ji labarinta, shekarar dalma. A cikin gidaje ake daka dutse da niƙa shi, mata na sheƙewa, yara na rarrafe cikin ƙurar. Sai yara sunka fara sanƙarewa suna mutuwa. Muna jin na ƙauyukan Dareta da Sunke, ba mu ankara ba ya shigo mana. Yayarka Hassi na cikin waɗanda sunka tafi, yarinya mai wayo, ta fara kai wa ubanta ruwa bakin rami. Likitoci sunka zo sunka ce guba ce cikin dutsen, anka kwashe ƙasar tsakar gidaje, anka fitar da injinan niƙa bayan gari. Amma mutane ba su ƙoshi da wannan bayani ba. Anka ce masu wuri ne sunka yi fushi. Har baƙin bunsuru anka yanka a bakin rami, jinin na gangarawa ciki.

Liman ya tashi ya yi wa'azi mai zafi, ya ce wanga shirka ce tsagwaronta, ba mai rayawa ba mai kashewa sai Allah. Gaskiya ya faɗi. Ubanka kuwa kullum shina gaban liman da littafinshi bayan la'asar, mutum ne mai riƙo da addini, bai taɓa aje ko ɓarin goro a ramin nan ba. To shi ne wasu mata sunka riƙa faɗi wurin ɗiban ruwa cewa don ya hana masu wuri goro sunka ɗauke mishi ɗiya. Maganar ta dawo kunnenshi.

Ya same ni nan inda kuke zaune. Idonshi ja, amma muryarshi kwance. Ya ce, "Yaya, za ni sare ginshiƙan nan. Ba ni son ko ƙwayar zinarin, a raba wa marayu. So nike kowa ya gani da idonshi ba kowa a wurin."

Na ce, "Labbo, ba kowa ɗin. Ni ma na sani, Baba Nomau ma ya sani. Rufi suke riƙe." Na kwashe komi na gaya mishi, har lakar mai santsi.

Ya yi murmushi ya ce, "Yaya, tun yaushe ake cewa aljanu kana ji? Yau da anka ce shirka ce, sai aljanun sunka koma rufi? Riga kawai ka canza musu."

Na je wurin liman na yi mishi bayani. Ya saurare ni, Allah ya saka mishi, ya kuma faɗa wa jama'a bayan salla. Ina! Gari ya riga ya rabu biyu, masu cewa akwai su a bar musu nasu, da masu cewa babu su a sare. Zancen rufi bai sami mai saye ba ko guda. Masu tsoro sunka ce na raina masu wuri, su Labbo sunka ce ina kare su ta bayan gida. Abin da Baba Nomau ya gina don ya tsare mutane, shi ya toshe musu kunne.

Ranar Juma'a ba a aiki, shi ya sa ubanka ya zaɓe ta, don kada abin ya shafi kowa. Da hantsi innarka ta shigo gidan ga a guje, kana bayanta, ko sallama babu. Ta ce, "Yaya, ƙanenka ya ɗauki guduma ya yi wajen rami." Ban tsaya neman takalmi ba.

Tun ina bisa igiya nike jin bugun guduma da muryarshi shina karatu. Da na dira na haska, na gan shi can wajen ginshiƙin ciki. Ya watsar da goron da ƙwaryar, ya yage ƙyallen, ya ci ƙugun ginshiƙin har saura kamar cinyar mutum. Na ce, "Labbo, don girman Allah aje, taho wajena a hankali." Bai aje ba. Ya ƙara bugu, sauran ya ɓalle ya zube gabanshi. Munka tsaya mu biyu. Ba abin da ya motsa. Ban taɓa jin ramin nan ya yi shiru irin na lokacin ba, ko ɗigon ruwa ya tsaya. Ya juyo, ya buɗe hannuwa, fuskarshi cike da farin ciki, ya ce, "Yaya, ka gani? Ba kowa."

Sai na ga yashi siriri kamar zare shina sauka daga rufi bisa kafaɗarshi. Na buɗe baki. Ban san ko na yi kira ba. Na dai ga ya ɗaga kai, na ga ya yi tsalle da baya ya faɗa cikin lungu, sannan rabin zauren ya sauko tsakaninmu. Iskar ta ɗauke ni ta maka da bangon rami, tocila ta mutu, ƙura ta cika mini baki. Ginshiƙin gindin igiya shi ya riƙe sauran rufin bisa kaina, ina jin shi shina ƙara kamar ana taka busasshen kara.

Da kunnena ya dawo, na lalubi dutse na buga jikin jijiya irin bugun da muke yi in ana neman juna, biyu a jere sannan guda. Na kasa kunne. Can sai ga amsa, biyu a jere sannan guda. Ubanka na da rai bayan dutsen nan.

Duk garin ya fito, masu cewa akwai da masu cewa babu, kowa da buhu. Amma irin wanga dutse ba a kwashe shi. Ka janye buhu guda, rufi ya aiko da biyu, don shafukan sama duk sun saki. Muna kafa itace shina tsagewa gabanmu. Rufin ya sake zubowa ya karya wa Altine ƙugu, shi ne ɗingishin da kuke ganin shina yi har yau. Munka koma sama munka fara sabon rami daidai inda muke jin bugun. Ashe farin dutse ɗaukar sauti yake ya kai shi nesa, inda kake ji ba nan mai bugun yake ba. Munka sha wahala munka iske ruwa. Munka sake wani wurin, munka iske ruɓaɓɓe, ya rufta kafin mu yi nisa.

Kwanakin farko amsar na zuwa daidai, kuma sai mun buga take zuwa. Daga baya ta fara rikicewa. Wani lokaci guda kawai. Wani lokaci biyu, a daɗe, sannan biyu. Wani lokaci ba mu buga ba sai mu ji. To ga inda abin yake, ku saurara da kyau. Ramin da ya rufta shina daɗewa shina zama. Shafi ya zame bisa shafi ya ce ƙwas. Ruwa ya ɗiga bisa dutsen da ke da rami ƙarƙashi ya ce ƙwal. Hannun mutumin da ƙarfinshi ya ƙare ma haka bugunshi ke rikicewa. Ni da Baba Nomau ya horar, ni da ke rarrabe lafiyayyen rufi da marar lafiya ido rufe, na kasa rarrabe ƙanena da dutse.

Mata ba su zuwa bakin rami, amma ba wanda ya iya hana innarka. Akwai inda kan jijiyar ya leƙo sama cikin ciyawa. Nan ta durƙusa, kana goye, ta ɗora kunnenta bisa farin dutsen. Ta daɗe. Ta ɗago ta ce mini, "Yaya, kai ka san rami. Shi ne, ko dutse ne?" Na ce Allah ne masani. Ta ce, "Na san Allah ya sani. Kai nike tambaya." Na juya na koma bakin rami.

Maigari ya hana a ƙara sauka bayan abin da ya sami Altine. Liman ya yi ta jira bai yi mishi salla ba, har anka kai inda kowa ya ce ɗan Adam ba ya kai haka ba ci ba sha. Ni na san akwai ruwa na tsatsa a ƙarshen lungun nan, na kuwa gaya musu, anka ƙara jira. Daga ƙarshe liman ya ce ramin ya zama kabarinshi, a yi mishi salla a kai. Munka yi sahu da rana tsaka, ba gawa gabanmu sai bakin rami. Kun san sallar gawa ba ta da ƙara, daga kabbara sai shiru. To cikin shirun nan, bayan kabbara ta biyu, sai ga shi daga ƙarƙashin ƙafafunmu. Biyu a jere. Duk sahun ya ji, na ga wuyan mutumin da ke gabana ya sanƙare. Munka jira bugu na ukun. Liman ma ya jira, don ya daɗe bai yi kabbara ba. Bugun bai zo ba. Anka ƙarasa salla, anka watse ba mai kallon wani. Har yau ban sani ba ko mai rai munka yi wa salla, kuma abin bai taɓa barin ƙirjina ba.

Ba ni ce muku akwai aljanu a ramin nan. An yi wannan ƙaryar sau guda, kun ji abin da ta ci. Dutse ne, da laka, da ruwa. Da ranin da ya wuce na sauka ni kaɗai na dubo ginshiƙin da ya rage. Nauyin da biyu ke ɗauka yanzu shi kaɗai ke ɗauke da shi. Shina zubar da ɓawo, ƙugunshi ya rame, zinarin da anka ce muku shina ƙyalli tsagewar da yake yi ce ta fito da shi fili. Na tambayi rufin da dagi tun daga gindin igiya har inda zubin ya tsaya, ba inda ya ce ƙwal. Ga damina ta ƙara jiƙa lakar. Bugu nawa zai ɗauka, ban sani ba, amma ba za ku cika buhu ba.

Kuma bugun nan shina nan, bai daina ba. Ina tsaye ina duba sai na ji daga bayan zubin, ƙwas, ƙwas. Na san dutse ne. Shekara nawa, wa zai rayu? Na san dutse ne sarai, amma ko da na farga na riga na ɗaga dagi na amsa. Na tsaya ina jira kamar wawa, tsoho da ni. Kai ma in ka sauka za ka ji, kuma za ka amsa, don an gaya maka wanda ke ciki.

Ba ni iya ɗaure ka, Shafi'u, ka fi ni ƙarfi, kuma in na hana tawa igiyar akwai ta wani. Abu guda nike so ka sani. In rufin nan ya sauko, ba lalle ya kashe ka nan take ba, irinshi bai cika yin wannan alherin ba. Za a zo a kira ni don ni na san rami. Innarka za ta durƙusa bisa farin dutsen nan, wurin na nan ciyawa ba ta rufe shi ba, ta ɗago ta ce mini, Yaya, shi ne ko dutse ne? Na kasa amsa mata sau guda, na rayu da shi. Ba ni da ƙarfin na biyu.

Kun yi shiru. To madalla, shirun rami ke nan, da shi ake fara koyo. Igiyar, ga ƙusarta can bayan ƙofa inda ka ɗauko ta. Dagin kuwa riƙe shi. Rijiyar masallaci na son gyara in ruwa ya ja baya, ka zo da safe in nuna maka inda ake ɗora yatsu.